Jirgin Minna: Yadda Overland Ke Neman Riba A Inda Manya Suka Ƙi Sauka

MINNA: A ranar Laraba, 23 ga Afrilu, 2025, kamfanin jiragen sama na Overland Airways ya soma jigilar fasinjoji tsakanin Minna da Abuja da kuma Ikko, sau uku a mako, bisa wata yarjejeniya da ya ƙulla da gwamnatin jihar Neja ta Gwamna Mohammed Umaru Bago. An yi biki a filin jirgin sama na Maikunkele, an yi jawabai, an ɗauki hotuna, kamar dai yadda aka saba.

Amma tsofaffin 'yan kasuwar garin, waɗanda suka ga jiya suka ga yau, sun san ba wannan ne karo na farko da jirgin fasinja ya sauka a Minna da kiɗa da algaita ba. Shi kansa Overland ya taɓa sa Minna a jerin garuruwan da yake zuwa a shekarun baya, daga bisani abin ya tsaya, filin ya koma jiran lokacin aikin Hajji da jiragen manyan baƙi. Saboda haka abin da ya dami mai dukiya a nan shi ne lissafi: me ya sa jirgi ke wuyar zama a Minna, wane ne ke biyan kuɗin kujerun da suka tashi ba kowa, kuma har zuwa yaushe zai iya biya?

Asalin kamfanin

An yi wa Overland rajista a 1998, ya kuma fara tashi a 2002. Shugabansa, Kyaftin Edward Boyo, matuƙin jirgi ne wanda tun kafin nan yake da kamfanin Landover, mai gudanar da hidimomin jiragen sama da horar da ma'aikata da buga mujallar sha'anin sufurin sama. Hedkwatar kamfanin tana Ikeja a jihar Ikko. Watau dai mutumin bai shigo harkar da zafin kuɗi kawai ba, ya daɗe yana kallon littattafan lissafin wasu kafin ya buɗe nasa.

Shekarar da ya fara ba shekarar arziki ba ce ga sana'ar. Tun a shekarun 1980 gwamnati ta sassauta kane-kanen da Nigeria Airways ya yi wa sararin samaniyar ƙasar nan, sai kamfanoni masu zaman kansu suka yi ta ɓullowa: Kabo Air na marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo a Kano, Okada Air na Cif Gabriel Igbinedion a Binin, sa'an nan ADC da Bellview da Chanchangi na Kaduna da Albarka da sauransu. Galibinsu hanya ɗaya suka bi, watau a sayo tsofaffin jirage masu araha daga Turai da Amurka, irin su BAC 1-11 da Boeing 727 da 737, a zuba su a kan hanyoyin Ikko da Abuja da Kano da Fatakwal inda fasinja ya fi yawa. A ranar 4 ga Mayu, 2002, jirgin EAS samfurin BAC 1-11 ya faɗa unguwar Gwammaja a Kano, aka yi asarar rayuka fiye da ɗari, gwamnati ta dakatar da wannan samfurin, ta kuma sa iyakar shekara 22 ga jiragen da za a shigo da su. A 2003 aka rufe Nigeria Airways baki ɗaya.

A cikin wannan yanayi ne Overland ya zaɓi ya bar wa manya hanyarsu. Ya sayi Beechcraft 1900D, ƙaramin jirgi mai farfela biyu da kujeru 19, ya nufi garuruwan da babu mai zuwa ko kuma aka daɗe da daina zuwa. A tsawon shekaru sunayen Ibadan da Ilori da Akure da Asaba da Warri da Jos da Bauchi da Katsina da Minna duk sun shiga jerin tashoshinsa, wasu suka ɗore, wasu suka fita. Da kasuwa ta ɗan buɗe sai ya ƙaro ATR 42 mai ɗaukar mutum kusan 48, da ATR 72 mai ɗaukar kusan 70, dukansu masu farfela ne, ƙirar haɗin gwiwar Faransa da Italiya. A 2018 ya tsallaka iyaka zuwa Yamai da Kwatano da Lome.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo a 2007. Bayan haɗurran Bellview da Sosoliso a 2005 da na ADC a 2006, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo ya rasu a ciki, Gwamnatin Tarayya ta umarci kowane kamfani ya ƙara jari kafin 30 ga Afrilu, 2007: Naira miliyan 500 ga mai zirga-zirga a cikin gida, Naira biliyan ɗaya ga mai zuwa ƙasashen yankin, Naira biliyan biyu ga mai ƙetare teku. ADC da Sosoliso da Albarka na cikin waɗanda ba su tsallake ba. Overland ya tsallake. A ƙasar da kamfanonin jiragen sama da dama ba sa cika shekara goma, wanda ya haura ashirin yana tashi ya cancanci a duba yadda yake lissafinsa.

Kujera ba ta kwana

Bambancin mai jirgi da sauran 'yan kasuwa shi ne hajarsa ba ta ajiyuwa. Mai shinkafa a kasuwar Kure, in bai sayar yau ba, buhunsa na nan gobe, wataƙila ma farashi ya tashi ya ci riba. Mai jirgi kuwa, da zarar an rufe ƙofa, duk kujerar da ba a saya ba ta tafi ke nan har abada, alhali an riga an sha mai dominta, an biya matuƙa, an biya kuɗin sauka da na hasumiya, an biya inshora.

Wannan ne ya sa girman jirgi ya zama rabin sana'ar. A ƙaddara, alal misali, garin da ke iya fitar da fasinja 30 a rana. In aka kawo masa Boeing 737 mai kujeru 140, to kusan kashi huɗu cikin biyar na jirgin iska zai ɗauka, kuma babu farashin tikitin da zai rufe wannan rami. In aka kawo ATR 42, waɗannan mutum 30 ɗin sun cika kusan kashi biyu cikin uku, ana iya maganar mayar da kuɗi. In kuwa Beechcraft ne, sai an bar wasu a ƙasa. Har ila yau jirgi mai farfela ya fi na jet tsimin mai a gajeriyar tafiya, domin jet ba ya nuna amfaninsa sai ya yi sama sosai ya miƙe, a tafiyar minti 25 kuwa kafin ya gama hawa lokacin saukowa ya yi. Bugu da ƙari mai farfela ba ya bukatar dogon titi.

Sai dai ƙaramin jirgi ma da tasa matsalar. Matuƙa biyu ne ke gaban Beechcraft kamar yadda biyu ne ke gaban Boeing, amma albashinsu a nan kan mutum 19 za a raba shi. Haka kuɗin ofis da ma'aikatan tasha da injiniyoyi. Don haka kowace kujera a ƙaramin jirgi ta fi tsada, dole tikitinta ya yi tsada, dole kuma a nemi fasinjan da lokacinsa ya fi masa kuɗinsa: ɗan kwangila, ma'aikacin banki, babban jami'in gwamnati, lauya mai shari'a da safe. Akwai kuma wata al'ada ta fasinjan Nijeriya, wanda da ya hango farfela sai gabansa ya faɗi, yana ganin tsohon jirgi ne, ko da kuwa bara aka ƙera shi.

Sa'an nan ga babbar cutar sana'ar a ƙasar nan: ana sayar da tikiti da Naira, ana kashe kuɗi da Dala. Sayen jirgi ko hayarsa, kayan gyara, babban gyaran da ake yi bayan wani adadi na sa'o'in tashi, horon matuƙa a na'urar koyon tuƙi a ƙasashen waje, da kaso mai yawa na inshora, duk da kuɗin waje ake biya. Lokacin da aka saki Naira a watan Yunin 2023, Dala ta tashi daga kimanin Naira 460 a kasuwar hukuma, ta wuce Naira 1,500 a farkon 2024. Ƙarfen da aka saya Dala dubu goma bai canza ba, amma yawan tikitin da za a sayar a biya shi ya ninka fiye da sau uku. Man jirgi kuma, wanda masu kamfanonin kan ce yana cin kusan kashi 40 cikin ɗari na kuɗin gudanarwa, ya tashi daga Naira 190 zuwa Naira 700 kowace lita a 2022, har ƙungiyarsu ta yi barazanar ajiye jirage a watan Mayun shekarar. Mai neman rance a banki kuwa sai ya tuna cewa a ƙarshen 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari, alhali abokin gasarsa na Habasha ko Turai yana samun bashin jirgi da ruwa ƙalilan na shekaru masu yawa. A kan kowane tikiti kuma akwai kashi biyar cikin ɗari na hukumar NCAA, ga kuɗin fasinja na hukumar filayen jiragen sama, FAAN.

Duk da haka, a watan Nuwamban 2021, a bajekolin jiragen sama na Dubai, Overland ya sa hannu da kamfanin Embraer na ƙasar Brazil a kan sababbin jiragen jet uku samfurin E175, da damar ƙara wasu uku, cinikin da aka ƙiyasta a kan kusan Dala miliyan 300 bisa farashin takarda in an ɗauki duka shidan. Na farko ya iso a watan Satumban 2023, mai kujeru 88. Sayen sabon jirgi fil daga masana'anta abu ne da ba kasafai kamfanonin ƙasar nan ke yi ba. Amfaninsa a fili yake: gyara kaɗan a shekarun farko, zama a ƙasa kaɗan, fasinja kuma ya ga jet hankalinsa ya kwanta. Haɗarinsa ma a fili yake, domin kamfanin da ya gina sunansa a kan kujeru 19 da 48 yanzu sai ya nemo mai cika 88 daga irin garuruwan nan dai.

Hannun gwamnoni

A nan ne gwamnatocin jihohi ke shigowa. Gwamna ya kashe biliyoyin Naira ya gina filin jirgi, ba zai so ya ga ciyawa ta rufe shi ba. Kamfani kuma ba zai zo ya yi asara don a yaba wa gwamna ba. Sai a haɗu a tsakiya. Yadda aka fi yi shi ne gwamnati ta ɗauki nauyin wani adadi na kujeru a kowane tashi, ko ta yi alkawarin cike giɓin da ya rage in kuɗin tikiti bai kai abin da aka amince ba, na wani lokaci, da fatan kafin nan hanyar ta tsaya da ƙafarta. Da haɗin gwiwar gwamnatocin jihohi ne Overland ya buɗe hanyar Dutse a 2014, zamanin Gwamna Sule Lamiɗo, da ta Jalingo a 2015, zamanin Gwamna Darius Ishaku.

Ba abin kunya ba ne, kuma ba Nijeriya ce ta ƙirƙiro shi ba. Lokacin da Amurka ta saki harkar jiragen sama ga 'yan kasuwa a 1978, a cikin dokar nan ɗin ta kafa shirin tallafa wa ƙananan garuruwa don kada a yashe su. Ƙasashen Turai na da irinsa ga tsibirai da yankunan da ke nesa, Indiya ma ta kafa nata a 2016. Bambancin shi ne a can doka ce ta tsara abin, ana fitar da tanda, kamfanoni su yi takara, a kuma buga nawa aka biya a kan kowane fasinja. A nan kuwa yarjejeniya ce tsakanin gwamna ɗaya da kamfani ɗaya, ba kasafai jama'a ke ganin abin da ke ciki ba, kuma takan rayu ne gwargwadon wa'adin wanda ya sa hannu, ko gwargwadon abin da ya zo daga asusun tarayya a wannan watan. Da biya ya fara jinkiri, jirgi ya fara tsallake rana. Da ya fara tsallake rana, ɗan kasuwa ya daina dogara da shi ya koma mota. Da ya koma mota, kujeru suka ƙara zama fanko. Haka hanyoyi da dama suka mutu a Arewa, ba tare da wata sanarwa ba.

Wasu jihohin sun ga gara su mallaki jirgin dungurungum. Akwa Ibom ta kafa Ibom Air a 2019, Kuros Riba ta sayi jirage da sunan Cally Air, Inugu ta ƙaddamar da nata a 2025. Jihar Neja ta ɗauki hanyar da ta fi sauƙi ga baitulmali, watau ta bar jirgi da matuƙa da takardar izini a hannun wanda ya san aikin. Wannan dabara ce mai kyau, musamman ganin cewa ƙa'idojin da NCAA ta fitar a 2023 sun ɗaga mafi ƙarancin jiragen da kamfanin jigilar fasinja zai mallaka zuwa shida. Jihar da ke fama da hanyoyin karkara da matsalar tsaro a Shiroro da Rafi da Munya ba ta da hujjar sayen jirage shida.

Kusa da Abuja, nesa da Ikko

An buɗe filin jirgin Minna a 1990, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, ɗan garin. Yana Maikunkele a ƙaramar hukumar Bosso, kimanin kilomita goma daga tsakiyar gari, titinsa kuma ya haura kilomita uku, abin da ya sa manyan jiragen alhazai irin su Boeing 747 suka sha sauka a cikinsa. A 2023 Gwamnatin Tarayya ta sa masa sunan Abubakar Imam, ɗan Kagara, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma mawallafin Magana Jari Ce. Sunan bai yi shekara ba, a watan Maris na 2024, bayan gyaran da gwamnatin jiha ta yi, aka mayar da shi sunan Shugaba Bola Ahmed Tinubu, wanda ya zo da kansa ya buɗe shi. Masu kishin adabin Hausa ba su ji daɗin wannan ba, sun kuma faɗa.

A takarda, Minna gari ne da ya kamata ya ciyar da jirgi. Babban birni ne na jihar da ta fi kowace faɗin ƙasa a Nijeriya, mai fiye da murabba'in kilomita 76,000. Madatsun wutar lantarki na Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru duk suna da alaƙa da jihar, da injiniyoyinsu da 'yan kwangilarsu. Hedkwatar hukumar jarrabawa ta NECO na garin, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 1983, ga tsofaffin shugabannin ƙasa biyu, Janar Babangida da Janar Abdulsalami Abubakar, waɗanda ƙofofinsu ba sa rabo da baƙi. Sai dai manyan baƙin nan galibi da jiragen haya ko nasu na kansu suke zuwa, ba sa sayen tikiti.

Ainihin matsalar ita ce maƙwabtaka da Abuja. Tsakanin filin jirgin Abuja da na Minna a sama bai wuce kilomita 110 da 'yan kai ba. Mutumin da ke Wuse ko Garki sai ya yi tafiyar kusan kilomita 40 kafin ya kai filin jirgi, ya isa awa ɗaya kafin tashi, ya sauka Maikunkele ya nemi mota. In hanyar Suleja zuwa Minna na da kyau, da ya kama ta da tuni ya isa. Abin da ke tura fasinja zuwa jirgi a wannan hanya shi ne lalacewar titin, wanda aka ba da kwangilar mayar da shi tagwaye tun 2010 ya kuma shafe fiye da shekara goma ba a kammala ba, ga tankokin mai da tireloli. Watau ranar da titin ya gyaru sarai, wannan ɓangaren na kasuwar jirgi zai yi rauni ƙwarai. Ko a 2017, da aka rufe filin Abuja na mako shida don gyaran titinsa, an yi ta kawo sunan Minna, amma Kaduna aka zaɓa.

Hanyar Ikko ita ce mai nama. A sama kusan kilomita 500 ce, tafiyar awa ɗaya ko ƙasa da haka a jet. A mota kuwa fiye da kilomita 600 ce ta Bida da Mokwa da Jebba da Ilori da Ibadan, yini guda cur in an yi sa'a, kuma ambaliyar Mokwa ta ƙarshen watan Mayun 2025, wadda ta ci rayuka masu yawa ta kuma karya gada, ta nuna yadda wannan hanya ke iya yankewa dare ɗaya. Kafin dawowar jirgi, ɗan kasuwar Minna mai kaya a tashar Apapa ko taro da banki a Ikko sai ya fara shan wahalar hanyar Suleja, sau da yawa ya kwana a Abuja, sa'an nan ya hau jirgi. In aka haɗa kuɗin mai da na masauki da yini biyun da suka salwanta, tikitin Minna zuwa Ikko kai tsaye, ko da ya fi na Abuja tsada, araha ne. Haɗa garuruwan uku a zagaye ɗaya kuma yana ba kamfani damar cike wasu kujerun da fasinjan manyan biranen biyu.

Sau uku a mako, duk da haka, bai isa ya canza ɗabi'ar matafiya ba. Wanda ya tafi Litinin dole ya jira Laraba ko ya dawo ta Abuja, ɗan kasuwa kuwa abin da yake so shi ne ya fita da safe ya kwana a gidansa. Amma ba a ƙara yawan tashi sai fasinja ya ƙaru, fasinja kuma ba ya ƙaruwa sai tashi ya yawaita, kuma wannan tazarar ce kuɗin gwamnati ke cikewa. Akwai kuma hazon hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ƙura ke rage gani a filayen Arewa, ake soke tashi in na'urorin saukar da jirgi ba sa aiki yadda ya kamata. Kula da waɗannan na'urori aikin hukumomin tarayya ne, ba na kamfani ko na jiha ba, amma kamfani ne fasinja ke zagi.

Gwamnatin jiha ta ɗora dogon burinta a kan kaya fiye da fasinja, domin ta bayyana shirin kafa yankin sarrafa amfanin gona a kewayen filin, a riƙa fitar da kaya daga nan zuwa ƙasashen waje. A nan ma lissafi na da nasa hukuncin. Doya da shinkafa da masara da ƙwarar kaɗanya, waɗanda jihar ta yi suna a kansu, kaya ne masu nauyi da arahar kilo, ba sa iya biyan kuɗin jirgin sama. Nasu jirgin ƙasa ne da na ruwa, watau layin dogon da ya ratsa Minna tun zamanin aikin Baro zuwa Kano a 1911, da tashar ruwan Baro da aka ƙaddamar a watan Janairun 2019. Abin da ke hawa jirgin sama shi ne mai tsada mai saurin lalacewa: ɗanyen nama, kifi, ganyaye, 'ya'yan itace, barkono ɗanye. Waɗannan kuma suna bukatar ɗakunan sanyi, da wutar da ba ta ɗaukewa, da takardar shaidar lafiya da mai saye a Jidda ko Landan zai amince da ita, sa'an nan da kayan da jirgin zai shigo da su, domin jirgin kaya da ya zo fanko sai ya ɗora kuɗin zuwa da na komawa a kan mai barkono.